Komai Nisan Jifa: Ribar Sulog a Bindigar Iska da Kuɗin da Ake Biya

Tun shekarar 1969 dokar Birtaniya ta ja layi a kan bindigar iska. Muddin ƙarfin harbinta ya wuce fut-fam 12, wato kimanin jul 16, to ta shiga sahun bindigogin da ba a riƙe su sai da takardar izinin 'yan sanda. A Jamus layin ya fi haka ƙasa, domin jul 7.5 ne kacal. Waɗanda suka tsara waɗannan ƙa'idoji suna da hoton wata irin bindiga a zuciyarsu: wadda manomi ke kashe ɓera da ita a rumbu, ko yaro ke koyon saiti da ita a bayan gida. Bindigar da ake zuwa da ita gasar Extreme Benchrest a jihar Arizona, ko Rocky Mountain Airgun Challenge a jihar Utah, inda ake harbi daga nisan yadi 100, ta yi wa wancan hoto nisa ƙwarai. Kuma babu abin da ya ƙara faɗaɗa wannan rata a shekarun baya-bayan nan kamar sauyin da masu wannan sha'awa suka yi daga harba felet zuwa harba sulog.

Ra'ayina a kan lamarin shi ne cewa saita bindigar iska don ta harba sulog ciniki ne. Ana samun nisa da juriyar iska, ana biya da kuɗi da lokaci da iskar tanki, sannan ana biya da abin da ya fi waɗannan duka tsada, wato saurin mutuwar harsashi, wanda shi ne ya sa tun asali aka ɗauki bindigar iska abar da ba ta da haɗari sosai. Kafin in kare wannan ra'ayi, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki.

Tanki, bawul da guduma

Bindigar da ake magana a kanta ita ce wadda Turawa ke taƙaita sunanta da haruffan PCP, ma'ana wadda ake ɗura wa matsattsiyar iska tun kafin a fara harbi. Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekarar 1779 wani maƙeri daga yankin Tirol mai suna Bartolomeo Girardoni ya ƙera irinta, sojojin Ostiriya suka yi aiki da ita shekaru da dama, kuma ayarin Lewis da Clark da ya ratsa yammacin Amurka tsakanin 1804 da 1806 ya tafi da guda. Kamfanonin zamani irin su Daystate na Ingila da FX na Suwidin sun gina ne a kan wannan tushe.

A bindigar yau ana cika tanki da iska har zuwa ba 250 ko 300, da famfon hannu ko kwamfaresa ko babbar tukunyar iska. Daga tanki iskar kan bi ta ragileta, wadda aikinta ya yi kama da na ragiletar tukunyar gas ta girki: tana rage matsin zuwa adadi guda tsayayye, a ce ba 130, ta tara shi a wani ƙaramin ɗaki da za mu kira zaure. Idan aka ja kunama, sifirin zai ingiza guduma, guduma ta bugi bawul, bawul ya buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, iskar zaure ta kwarara bayan harsashi ta tura shi cikin bututu. Duk abin da ake kira saita bindiga yana komawa ne ga daidaita abubuwa uku: matsin da ragileta ke bayarwa, ƙarfin bugun guduma, da faɗin hanyar da iska ke bi.

Kalangu da dunƙule

Felet ɗin da aka saba da shi yana da siffar kalangu: kai a gaba, matsattsen ƙugu a tsakiya, sai buɗaɗɗen siket a baya. Wannan siket yana jan iska, kuma jan da yake yi shi ke riƙe kan felet yana fuskantar gaba, kamar yadda gashin ƙwallon badminton ke yi. Sai dai abin da ke daidaita shi, shi ne kuma ke cinye gudunsa. Sulog kuwa dunƙulen dalma ne mai siffar harsashin bindigar albarushi, babu ƙugu babu siket. Ba ya jan iska sosai, saboda haka ba abin da zai hana shi tuntsurawa a sama sai juyawar da tsagin cikin bututu ya ba shi.

Masana harbi suna auna iya ratsa iska da wata lamba da ake kira BC. Felet mai nauyin giren 18 na bututun .22, irin wanda kamfanin JSB na Jamhuriyar Cek ke yi, lambarsa ba ta wuce kimanin 0.035 ba. Sulog mai giren 25 na wannan bututu yakan kai wajen 0.09. Na zauna na yi lissafi da waɗannan lambobi, a matsayin kimantawa. Felet da ya fita da gudun ƙafa 880 a daƙiƙa yana ɗauke da kimanin fut-fam 31, amma kafin ya kai yadi 100 ya zubar da rabin ƙarfinsa. Sulog da ya fita da ƙafa 950 a daƙiƙa yana ɗauke da fut-fam 50, kuma a yadi 100 yana riƙe da kusan kashi uku cikin huɗu. Idan iska mai gudun mil 10 a awa tana kaɗawa daga gefe, za ta karkatar da felet da kusan santimita 30, sulog kuwa da kusan 10. Dalilin haka wani sojan Faransa mai suna Isidore Didion ya bayyana shi tun ƙarni na 19: iska tana karkatar da harsashi ne gwargwadon jinkirin da ta jawo masa a hanya, ba gwargwadon tsawon tafiyar kaɗai ba. Wannan bambanci na santimita 20 shi ne dukan abin da ake kashe kuɗi a kansa.

Bututu ne ke zaɓen harsashi

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne ya fara da murɗa sukurori. Aikin daga bututu yake farawa, kuma abubuwa uku ake dubawa. Na farko shi ne saurin murɗin tsagi. Wasu daga cikin bututun da aka yi don felet sukan juya harsashi sau ɗaya a cikin inci 24 ko makamancin haka, alhali sulog na .22 ya fi son juyi ɗaya a inci 16 zuwa 18, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon buƙatarsa ta saurin juyi. Shi ya sa kamfanin FX ya mai da cikin bututunsa abin da ake zarewa a sauya da wani. Na biyu shi ne matsin baki. Bututun felet da yawa an ɗan tsuke bakinsu don su daidaita siket mai laushi kafin ya fita. Sulog ba shi da inda zai lanƙwashe, saboda haka tsukewar da ta yi yawa tana rage masa gudu, tana kankare dalma ta bar ta a bango. Na uku shi ne kauri. Ana sayar da sulog na .22 a kauri .217 da .218 na inci, wato bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba, amma bututu guda yana iya tara ɗaya a rami guda ya watsa ɗayan.

Babu littafin da zai gaya wa mutum wanne bututunsa zai karɓa, domin bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta guda a rana guda suna iya saɓawa. Wannan ne ya sa masu yin sulog irin su Nielsen Specialty Ammo a Amurka da H&N a Jamus ke fitar da nauyi da kauri iri-iri, kuma mai hankali yakan sayi kaɗan-kaɗan ya gwada kafin ya tara gwangwani goma. Haka kuma sulog yana gogar bututu da faffaɗan jiki, don haka yana barin dalma fiye da felet, ana bukatar share bututu a kai a kai.

Neman gwiwar tudu

Bayan bututu sai iska. A nan babu makawa sai an mallaki na'urar auna gudun harsashi, domin kunne ba ya bambance ƙafa 930 da 960. Sulog ya fi nauyi kuma ya fi matsewa a bututu, saboda haka yana bukatar matsi mafi yawa da zaure mafi faɗi, kuma bututu mai tsawo yana ba iska ƙarin lokacin turawa.

Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce a tsayar da ragileta a adadi guda, a sassauta sifirin ɗin guduma, sannan a riƙa ƙara masa ƙarfi kaɗan-kaɗan ana rubuta gudun kowane harbi. Da farko gudun zai riƙa hawa da kowane ƙari. Can sai ya lafa, a ƙara sifirin amma lamba ta ƙi motsi. An kai ƙololuwar abin da wannan matsi zai iya bayarwa ke nan. Daga nan sai a ja da baya da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Bob Sterne, ɗan ƙasar Kanada da ya daɗe yana rubutu a kan waɗannan bindigogi, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara, kuma wurin da ake tsayawa ana ce masa gwiwar tudu.

Hikimar a fili take idan aka duba ɓangarorin biyu. A ƙololuwa bawul yana zama a buɗe bayan harsashi ya riga ya yi nisa, iskar da ta biyo baya ba ta ƙara masa komai sai ƙara da asara, wani lokaci ma ta bugi gindinsa a bakin bututu ta karkatar da shi. Can ƙasa da gwiwa kuma, ɗan bambanci kaɗan a bugun guduma yana zama babban bambanci a gudu. A gwiwa ne kurakuran biyu suke raguwa tare. Idan gudun da aka samu a gwiwa bai kai abin da ake so ba, ragileta ake ɗagawa a sake aikin daga farko. A bindigogi da yawa, rage matsin ragileta yana bukatar a fara sauke iskar, in ba haka ba a lalata mazaunin bawul ɗinta.

Wane gudu ake nema? Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20, wato ƙafa 1,125. Yayin da harsashi ke kusantar wannan iyaka, turjiyar iska tana hauhawa da sauri, kuma bisa ƙa'idar Didion hakan yana ƙara karkata. Felet ya fi natsuwa tsakanin ƙafa 850 da 900, sulog kuma yawanci tsakanin 900 da 1,000. Wanda ya matsa ya wuce nan don ya ga babbar lamba a na'ura, garin neman ƙiba ya samo rama: iska ta fi ƙarewa da wuri, bindiga ta fi ƙara, saiti kuma ya fi watsewa.

Mataki na ƙarshe a kan takarda ake yinsa. Bututu yana girgiza a duk harbi, kuma akwai gudun da harsashi ke fita a daidai lokacin da bakin bututun ya fi natsuwa. Ana gano shi ta sauya gudu da ƙafa 10 ko 15 ana kallon yadda huji ke taruwa, da farko a yadi 50, sannan a yadi 100. Harbi uku ba hujja ba ne, sa'a ma tana iya tara su. Goma ne mafi ƙarancin abin da za a amince da shi. A kuma lura da tazarar gudu tsakanin harbi da harbi: a yadi 100 bambancin ƙafa 10 a daƙiƙa yana ɗaga ko sauke harsashi da kusan santimita ɗaya, abin da a yadi 50 ido ba zai kula da shi ba. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta shi a littafi. Wanda ya taɓa ragileta da sifirin da nau'in sulog a yini ɗaya, ko ya dace ba zai san me ya kawo dacen ba, kuma ba zai iya maimaita shi ba.

Hujjar masu goyon baya

Adalci ne a saurari masu son sulog, domin hujjarsu ba ta da rauni. Manomin da tantabaru ko zomaye suka addabi gonarsa a fili mai faɗi, inda iska ba ta kwanciya kuma dabba ba ta bari a matso ta, yana bukatar harsashin da zai sauka inda aka nufa. Santimita 20 na karkata shi ne bambanci tsakanin kisa nan take da raunata dabba ta tafi ta mutu a wahale. Ga mai gasar nisa kuma, sulog ya buɗe fagen da da ba ya yiwuwa da iska. Ban ga dalilin raina wannan ba.

Abin da nake ja a kai shi ne mayar da sulog matakin da kowa ya kamata ya taka. A ƙasa da yadi 50, inda mafi yawan harbin bindigar iska ke faruwa, felet mai kyau yana kamo sulog a saiti, sau da yawa ma ya fi shi, ga arha ga ƙarancin shan iska. A bindigar da doka ta tsayar a fut-fam 12, kamar yawancin na Birtaniya, ribar sulog ba ta taka kara ta karya ba, domin ƙarfin da zai tura shi da gudun da yake so babu shi. A cikin rumbu ko garke kuma, felet da ke tsayawa a jikin ɓera ya fi dacewa da sulog da zai ratsa shi ya huda kwanon rufi. Duk wanda ya ninka ƙarfin bindigarsa zai ga adadin harbin da tanki ke ba shi ya faɗi warwas, ya koma neman kwamfaresa da babbar tukunya, kuɗi na bin kuɗi.

Inda jifa ke faɗuwa

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi damuwa da shi. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma tambayar mai bindiga ita ce a wace ƙasa, kuma wa ke tsaye a wurin. Felet da ya kuskure abin da aka nufa yakan gaji ya faɗi a cikin 'yan ɗaruruwan yadi. Sulog an ƙera shi ne musamman don kada ya gaji, yana iya ninka wannan tazara ko ya wuce, kuma idan ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa yana iya tashi ya canza hanya da sauran ƙarfinsa. Lambar BC da ke faranta ran mai gasa ita ce dai ke kai harsashi gidan maƙwabci. Harsashin albarushi na .22 da aka saba da shi yana fita da kusan fut-fam 100, kuma manyan bindigogin iska na bututun .25 da .30 da aka saita don sulog suna kusantar wannan adadi, wasu ma su wuce. Banbancinsu da waccan shi ne ba su da ƙara sosai, kuma rashin ƙara yana yaudarar mai harbi ya ɗauka abin wasa ne a hannunsa.

Doka ba ta tafiya daidai da wannan sauyi a ko'ina. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta fassara bindiga da abin da ke harba harsashi ta hanyar fashewa, saboda haka bindigar iska ba ta shiga ciki ba komai ƙarfinta, sai a jihohi irin su New Jersey da suka tsaurara nasu. Sikotilan kuwa tun ƙarshen 2016 ta wajabta takardar izini ko ga masu ƙaramin ƙarfi. Mai karatu a Nijeriya ya sani cewa Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bindigogin iska cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisi, don haka kalmar iska a sunanta ba kariya ba ce a gaban hukuma. Amma ko inda doka ta yi shiru, alhaki bai yi shiru ba. Wanda ya saita bindigarsa don sulog ya ɗauki nauyin mai bindigar albarushi: kada ya harba sai ya ga tudu ko bangon ƙasa a bayan abin da yake nufi, kada ya ɗaga baki sama don tsuntsun da ke kan reshe ko rufi, kuma ya kulle ta inda yaro ba zai kai ba.

Iskar kanta ma tana da nata haɗari. Matsin ba 300 ya ninka na tayar mota fiye da sau ɗari. Ba a ɗura wa bindiga iskar oksijin zalla, ba a shafa mai na fetur a inda matsattsiyar iska ke bi, domin dukansu suna iya haddasa wuta ko fashewa. Man silikon ake amfani da shi. Danshin da kwamfaresa ke turawa yana cin tanki daga ciki idan babu matata, kuma tankin da aka cika a digiri 20 aka bari a motar da ta kai digiri 50 matsinsa zai ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari.

Saboda haka shawarata ga duk wanda wannan sha'awa ta kama ita ce ya fara da auna filinsa kafin ya auna gudun harsashinsa. Idan nisan da yake harbi bai wuce yadi 50 ba, ya zauna a kan felet, ya kashe kuɗin a kan atisaye. Idan kuwa yana da filin da ya kai, da bangon da zai tare, da izinin hukuma, da haƙurin cika littafi da lambobi na makonni, to sulog zai saka masa da abin da felet ba zai iya ba. Sharaɗin shi ne ya yarda cewa daga ranar da ya ɗaga ragiletarsa, abin da ke hannunsa ya tashi daga bindigar koyon saiti, kuma duk harsashin da ya bar bututun yana wuyansa har sai ya faɗi ƙasa.